In An Bar Dafi, Aiki Ya Koma Kan Nauyin Kibiya Da Kaifinta

Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Ikko ta isa Kano a cikin 1912, Hausawa ke ta kwarara zuwa Agege, wasu don fataucin goro, wasu don cinikin shanu, har Zango ta zama gari sosai da Sarkin Hausawanta. A cikin kayan da suka sauko da su daga Arewa har da baka da kwari. Masu gadi da yawa da su suka yi tsaron kantuna da gidajen Ikko, waɗanda kuwa suka gāji harbi ba su rasa dajin da za su nemi gada ko gyazbi ba, gama a zamanin nan Agege ƙauye ce a tsakiyar gonakin koko da na goro. Yau birni ya haɗiye ta, daji ya ja da baya zuwa cikin Jihar Ogun, amma baka bai ɓace daga hannun jama'a ba. Abin da ya soma ɓacewa shi ne sanin dalilin da ya sa aka ƙera kibiyar Hausa yadda take.

Kibiyar maharban Hausa ba ta da gashi a gindi kamar ta Turawa. Kyauro ne marar nauyi, a soka masa bakin ƙarfe siriri mai kunnuwa, a ɗaure da jijiya. Nauyin ƙarfen nan da ke gaba shi ke jan ta ta tafi sak. Amma ba raunin da ta yi ne ke kashe dabba ba. Aikin kunnuwan shi ne su riƙe ƙarfen a cikin nama har dafin da aka shafa a wuyansa ya bi jini. Uban dafin kuwa shi ne 'ya'yan kwankwani, waɗanda ke tsai da zuciya. Ƙarfinsu bai tsaya ga maharba ba, don a cikin 1885 wani likita a Edinbara mai suna Thomas Fraser ya shigar da sinadarin irin wannan tsiro cikin magungunan ciwon zuciya. Watau dai kibiyar Hausa ɗan aike ce, dafi shi ne saƙon.

To, ga inda matsala take. Samarin yanzu kaɗan ne suka iya dahuwar dafi, waɗansu kuma sun bar shi da gangan saboda tsoron cin naman. Sai ga shi an bar dafi, amma an riƙe kibiyar dafi. Irin wannan kibiya in ta sami gada a cinya ko a ciki, sai ta shiga kaɗan ta tsaya, kunnuwanta su hana ta fita. Dabbar ta tsere da ƙarfe a jiki, ta yi kwanaki tana ruɓewa da ranta, daga bisani ta mutu a inda ba mai amfana da ita sai ungulu. Wannan ba farauta ba ce, ɓarna ce.

Malaman Malikiyya sun riga sun yi wa wannan al'amari iyaka. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Zangon Agege kanta, an lissafa naman farautar da ba ya ciwuwa. A ciki akwai wanda aka harba da makami mai dafi ya mutu kafin a yanka shi, domin ba a san ko rauni ne ya kashe shi ko dafi ba. Akwai wanda maharbi ya yi sakaci wajen bin sawunsa har ya mutu, da kuma wanda ya ɓace masa ya kwana a daji. Hadisin Adiyyu ɗan Hatimu kuma ya rarrabe tsakanin abin da makami ya huda da kaifinsa, wanda ya halatta in an ambaci sunan Allah, da abin da ya buge da faɗinsa, wanda mushe ne. Duk wanda ya dubi waɗannan hukunce-hukunce zai ga abu guda suke nema: rauni mai zurfi, mutuwa da gaggawa, da maharbin da ke biye.

Maharban Amurka, waɗanda a galibin jihohinsu doka ta hana dafi, sun daɗe suna auna wannan magana da sikeli. Ƙa'idar da masu bakan gargajiya ke bi a can ita ce, bakan da ake ja da ƙarfin laba 50 a ba shi kibiya mai nauyin giram 26 zuwa 32. Dalili kuwa a fili yake. Kibiya mai nauyi ta fi kwashe ƙarfin da ke cikin baka, ta fi rage ƙarar tsirkiya wadda ke firgita dabba, sa'an nan in ta ci karo da fata da haƙarƙari ba ta saurin tsayawa. Aibinta shi ne ba ta da sauri, kuma tana sunkuyawa da wuri, saboda haka mai ita tilas ya iya sanɗa, ya matso kamar yadi 20 ko ƙasa da haka kafin ya saki.

Wanda ya fi kowa zurfafa bincike a nan shi ne Dokta Ed Ashby, wani Ba'amurke da ya soma gwaje-gwajensa a gandun dajin Mkuzi na lardin Natal, a Afirka ta Kudu, wajen tsakiyar shekarun 1980. Ya gano cewa kibiyar da ta kai giram 42 ita ce ke yawan fasa ƙashi mai kauri ta wuce, kuma baki mai kaifi biyu, dogo, wanda ba ya lanƙwashewa, ya fi mai kaifi uku ko huɗu shiga. Ya kuma nuna cewa gwargwadon yadda nauyi ya taru a gaban kibiya, gwargwadon zurfin da za ta yi. Abin sha'awa, wannan na ƙarshe maƙeran Hausa sun riga shi sani da ɗaruruwan shekaru, ko da yake su don kibiya ta miƙe suka yi.

Saboda haka gyaran ba mai wuya ba ne, kuma ba sai an sayo kaya daga waje ba. Maharbin da ya bar dafi ya je wa maƙeri da buƙata dabam: baki mai faɗi kamar ganye, wanda faɗinsa bai gaza santimita 2 ba, ba kunne ko ɗaya, da ƙarfe mai tauri da zai karɓi wāshi har ya aske gashin hannu. Rashin kunne na da amfani biyu, gama bakin ya fi shiga, in kuma harbi ya kuskure ya sami tsoka, kibiyar takan faɗo raunin ya warke. Kyauro kuwa sau da yawa ba ya ɗaukar irin wannan baki, sai a nemi itace mai ƙwari madaidaici. Wurin da ake nema shi ne bayan kafaɗa, inda huhu yake, dabba tana tsaye ta ba da gefe. Wanda bakansa na zomo ne da zabo, kada girman kai ya sa shi ɗaga wa mazo ko gwanki, balle ɓauna.

Akwai kuma hukuma. Ingila ta hana farauta da baka ɗungum, dokarta ta 1981 ta tabbatar da haka. A Nijeriya, Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta kasa dabbobi kashi-kashi, ta sa sharaɗin lasin, sa'an nan Doka ta 11 ta 1985 ta hana taɓa waɗanda ke bakin ƙarewa. Gandun daji irin su Yankari a Bauci da na Tafkin Kainji kuwa, ko da kibiyar da ta cika duk sharuɗɗan nan ba a shiga cikinsu da niyyar harbi.