Haƙƙin Tsoho A Kan Gari

Kowace ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan cika da shanu da raƙuma da tumaki. Fatake sukan zo daga Nijar da kudancin Nijeriya, mutanen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar kuma su yi sammako. A cikin wannan taro akwai wanda ba a cika lura da shi ba, watau dattijon da ƙafa ta yi wa nauyi, ido ya rage. Shi ne ya san dillalai da iyayensu, amma yau babur na tsorata shi, rana na dukansa, ba shi da wurin da zai zauna ya huta.

Wannan al'amari ya dami duniya duka. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan yadda za a tsara birni ya dace da tsofaffi. Abubuwan da ta ambata masu sauƙi ne: hanya mai laushin tafiya, wurin zama, makewayi, abin hawa, da magani kusa da gida. A Nijeriya kuwa an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018. Har wa yau, a 2024 gwamnatin Jigawa ta Malam Umar Namadi ta soma ba tsofaffi 5,740 kuɗin wata, watau mutum 20 daga kowace mazaɓa cikin 287.

Lalle wannan alheri ne. Amma alheri sai ya isa hannun mai shi. Kuɗin zamani yana bin waya da kati da lambar banki, na'ura kuwa tana neman zanen yatsa. Manomin da ya shekara sittin yana riƙe da hauya, sau da yawa zanen nan ya shafe, sai na'ura ta ƙi shi. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, an ga yadda dattawa suka wuni a layi, mai dabba ya sayar amma ya rasa na cefane. Wanda bai iya waya ba tilas ya faɗa wa wani lambarsa ta sirri, nan kuwa ƙofar zamba take.

Saboda haka gyaran yana wuyan kowa. Hukuma ta kai rajista ƙofar mai unguwa, ta karɓi shaidarsa idan yatsa ya ƙi. Saƙon waya ya zo da murya cikin Hausa, domin mai karatun allo ya ji da kunnensa. Sarkin kasuwa da attajirai su kafa rumfa da benci da randa, su ware wa dattawa hanya nesa da turken shanu. Limamai su duba matakalar masallaci da wurin alwala, a sa abin dafawa da fitila saboda masu fitowa Asuba. Malamai sun fi kowa sanin matsayin kyautata wa iyaye idan girma ya cim musu.

Ƙasar Gumel ƙasar fatauci ce, falke kuwa ya san amfanin tanadi. Saurayin da ke tsallake kwata yau, in Allah ya ja kwana, gobe da sanda zai zo bakinta. Rumfar da ya kafa wa wani, a inuwarta zai zauna.

Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.