HOTO A INTANET: HAƘƘIN MAI ƊAUKA DA NA WANDA AKA ƊAUKA

Jama'a da yawa suna zaton duk hoton da aka sa a Facebook ko Instagram ya zama na kowa da kowa. Ba haka abin yake ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988, ta kuwa tabbatar da cewa hoto na wanda ya ɗauke shi ne, ko da bai yi rajista ba. Wannan haƙƙi yana tsayawa har shekara 50 bayan fitar da hoton ga jama'a.

A misali, idan mai hoto a Kontagora ya ɗauki hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Sudan, ya sa a shafinsa, ba wanda ke da ikon kwashewa ya buga kalanda ko talla ba da yardarsa ba. Goge sunansa daga jikin hoton kuwa wani laifin ne dabam. Amma mai hoto ya sani, da zarar ya sa hoton ya ba kamfanin Facebook izinin amfani da shi ba tare da biyan ko kwabo ba, sai dai mallaka tana nan hannunsa.

Inda aka fi samun saɓani shi ne hoton biki da na suna. Maigida ya kira mai hoto, ya biya shi lada, kwana biyu sai ga amarya a intanet ana tallar sana'a da fuskarta. Wannan ba daidai ba ne, musamman a gidajen da ake kulle. Doka ta ce wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin gidansa yana da ikon hana a baza shi ga jama'a, muddin ba su yi wata yarjejeniya dabam ba. Shi kuma zai yi amfani da hoton yadda ya so, ban da ciniki. Saboda haka a daidaita tun kafin ranar biki, a rubuce.

Wanda aka ci haƙƙinsa yana iya rubuta wa kamfanin shafin ya nemi a cire hoton, ko ya kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Shari'ar irin wannan kuwa Babbar Kotun Tarayya ce ke yin ta, ta Jihar Neja tana Minna.