Daga Game Boy Zuwa PS5: Me Ke Sa Na'urar Gem Ta Shiga Ran Mutane?

Idan kana son ka tayar da musu a aji lokacin tashin tara, ka tambayi abokanka wace na'urar wasan bidiyo ce ta fi kowacce. Nan take wani zai ce PlayStation 5, wani ya ce Xbox, wata kuma ta ce Nintendo Switch. Yawancin hujjojin da za ka ji ba za su wuce kyan hoto da ƙarfin inji da tsada ba. Sai dai tarihin waɗannan na'urori yana da wani abin mamaki: sau da yawa wadda jama'a suka fi so, kuma suka fi saya, ba ita ce mafi ƙarfi a zamaninta ba.

Game Boy: mai rauni da ta yi nasara

Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan tsoho ne ƙwarai. An kafa shi a birnin Kyoto a 1889, kuma da buga katin karta ya fara. Bayan shekara ɗari cif, a 1989, ya fito da Game Boy, 'yar na'urar da ake riƙewa a hannu. Allonta ƙarami ne, ba shi da launi, kuma a cikin duhu ba a ganin komai a kansa.

Shekara ɗaya bayan haka kamfanin Sega ya fito da Game Gear, mai allo mai launi da haske. Kowa ya kalle su zai ce Game Gear ta fi. To amma ita tana cin batir shida, kuma cikin 'yan sa'o'i sun ƙare. Game Boy batir huɗu take ɗauka, su kuma daɗe suna aiki. Ga araha, ga juriya idan ta faɗi ƙasa. Injiniyan da ya jagoranci ƙera ta, Gunpei Yokoi, ya yi imani da cewa gara a ɗauki tsohuwar fasaha mai araha a yi sabon abu da ita, da a bi sabuwar fasahar da mutane ba za su iya saya ba.

Sannan ga wasan Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko, babban birnin Rasha: tubala suna gangarowa, kai kuma kana jera su. Yaro da tsoho duk suna fahimtarsa cikin minti ɗaya. Game Boy da ƙanwarta Game Boy Color sun kai kimanin miliyan 118 a kasuwa, Game Gear kuwa ta tsaya a wajen miliyan 10. Ko 'yar na'urar nan mai araha ta Brick Game da yayyenku suka yi yayi, Tetris ta kwaikwaya.

PS2: sarauniyar gidan gem

Kamfanin Sony bai shigo harkar nan da niyyar yin takara ba. Da farko haɗin gwiwa ya ƙulla da Nintendo, amma yarjejeniyar ta watse. Wani injiniyansa mai suna Ken Kutaragi ya dage sai sun yi tasu, kuma a 1994 PlayStation ta fito, tana amfani da faifan CD maimakon kaset.

A kan wannan na'ura ce 'yan Nijeriya suka samu abin alfahari. A wasan ƙwallon ƙafa na Winning Eleven, na kamfanin Konami, an san Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna kuma tsohon ɗan wasan Ajax, da gudun da ba a kamo shi. Har a ƙasashen da ba su san inda Kaduna take ba, masu gem sun san sunansa.

A 2000 PlayStation 2 ta zo. Xbox ta Microsoft da GameCube ta Nintendo, waɗanda suka biyo bayanta a 2001, duk sun fi ta ƙarfi. Duk da haka an sayar da PS2 sama da miliyan 155, su kuwa kowacce ba ta kai miliyan 25 ba. Dalilan a bayyane suke. Tana kunna fim na DVD, don haka iyaye ma suna da abin mora. Tana karɓar faya-fayan tsohuwar PlayStation. Kuma wasanninta sun kai dubbai.

A garuruwanmu, mutane da yawa ba a gidajensu suka san PS2 ba. A gidan gem suka san ta: shago ɗaya, talabijin uku ko huɗu, benci, da ƙarar janareta a waje. Wanda aka ci shi ke miƙa fad, a wasu wuraren ma shi ke biyan kuɗi. A Pro Evolution Soccer 6 kowa Inter Milan yake so ya ɗauka saboda ƙarfin bugun Adriano. Idan ka tambayi waɗanda suka yi wannan zamani abin da suke tunawa, da wuya su ambaci kyan hoto. Za su ba ka labarin abokin da suka lallasa da ci biyar, da ihun 'yan kallo, da ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugun fenariti.

Wii da Switch: kowa ya samu shiga

A 2006 Nintendo ya sake yin irin dabarar Game Boy. Yayin da PlayStation 3 da Xbox 360 ke gasar kyan hoto, shi sai ya fito da Wii, wadda abin sarrafa ta ya yi kama da rimot. Idan za ka buga tanis, hannunka za ka kaɗa kamar kana fili. Ba sai ka haddace maɓallai goma ba. Wannan ya sa uwa da uba da kaka suka shiga wasan, har wasu gidajen kula da tsofaffi a Turai da Amurka suka riƙa amfani da ita don motsa jiki. An sayar da Wii sama da miliyan 100, adadin da abokan gasarta biyu ba su kai ba.

Switch, wadda ta fito a 2017, ta zo da wata hikimar. Za ka iya haɗa ta da talabijin, za ka iya zare ta ka tafi da ita. Fad ɗinta yana rabewa biyu, ka ba abokinka rabi ku yi wasa nan take. Tana da batir a jikinta, don haka ɗaukewar wuta ba ta katse wasa. PlayStation 4 ta fi ta ƙarfi, amma Switch ta wuce ta a ciniki.

Xbox ma tana da masoyanta, musamman masu son Halo da wasa da mutanen nesa ta intanet. A 2018 Microsoft ya fitar da wani fad na musamman domin masu buƙata ta musamman waɗanda ba sa iya riƙe na yau da kullum. Ga irin waɗannan, wannan ce na'urar da ta buɗe musu ƙofa.

To, kai fa?

PS5 ta fito a 2020 a kan dala 499, kuɗin da ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Saboda haka wani ɗalibin kan ji kamar an bar shi a baya, wani ya matsa wa iyayensa, wani ma ya ƙarar da kuɗin tara da na mota a gidan gem. Kafin ka shiga wannan hali, ka duba abin da Game Boy da PS2 da Wii da Switch suka yi tarayya a kai: sauƙi, wasanni masu daɗi, da damar yin wasa tare da wani. Tsohuwar PS2 da fad biyu da aboki na gari suna ba da wannan har yau.

Akwai kuma iyaka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Ba duk mai yawan wasa ake nufi ba. Ana nufin wanda ya kasa tsayawa, har gem ya ture karatu da barci da zumunci na tsawon lokaci, yana ganin illar amma ya ci gaba. Hanya mai sauƙi ta kauce wa haka ita ce ka yanke adadin wasannin da za ka buga tun kafin ka ɗauki fad, ka gama aikin gida tukuna, kuma idan jarrabawa ta matso ka jingine shi. Gem ba ya guduwa, zangon karatu kuwa idan ya wuce ba ya dawowa.

A ƙarshe, masu sha'awar lissafi da zane da kwamfuta su sani cewa duk wasan da suke bugawa mutane ne suka zauna suka tsara shi. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, da zane-zane ya fara aiki a Nintendo. Ba abin mamaki ba ne wata rana a samu wasan dambe ko langa a kan irin waɗannan na'urori, kuma mai tsara shi ya fito daga cikinku.