Annobar Ebola da Raunin Hukuma a Gini, Laberiya da Saliyo

A watan Disamba na shekarar 2013, wani yaro ƙarami ya rasu a ƙauyen Meliandou, cikin kurmin ƙasar Gini, bayan zazzaɓi da amai. Ba a jima ba 'yar'uwarsa da uwarsa da kakarsa suka bi shi. Ciwon ya yi wata uku yana cin mutane ana zaton kwalara ce, sai a watan Maris na 2014 aka tabbatar Ebola ce. Kafin a ga bayanta a 2016, ta kama mutum fiye da 28,000, ta kashe fiye da 11,000, kusan dukansu a Gini da Laberiya da Saliyo.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A lokacin nan ƙasashen uku duka ba su daɗe da kama mulkin zaɓe ba. Saliyo ta fita daga yaƙin basasa a 2002, Laberiya a 2003, Gini kuwa sai a 2010 aka bar jama'arta suka zaɓi shugaba da son ransu. Kowace tana da majalisa da ministoci, amma ma'aikatun da ke yi wa talaka hidima ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Laberiya mai mutum wajen miliyan 4, likitocinta ba su wuce kimanin 50 ba. Asibitoci da yawa ba safar hannu, ba ruwan famfo, har ma'aikatan lafiya fiye da 500 suka halaka, cikinsu da Likita Sheik Umar Khan, babban masanin irin wannan ciwo a Saliyo, wanda ya rasu a Yuli 2014.

Sa'an nan ga sha'anin kuɗi. A Nuwamba 2014 masu binne gawa a garin Kenema suka yi yaji, suka ajiye gawawwaki a harabar asibiti, don an yi makonni ba a biya su ladan aikinsu mai haɗari ba. Da babbar mai binciken kuɗin Gwamnatin Saliyo ta duba lissafi, sai ta bayyana a Fabrairu 2015 cewa wajen sulusin kuɗin annobar da ta bincika an kashe shi ba cikakkiyar takardar shaida. Ko ƙaramin ɗan kasuwa ya san abin da ke samun rumfar da ba a rubuta shiga da fita.

Abin da ya fi wannan muni shi ne rashin yarda. Talakan da bai taɓa ganin hukuma ba sai ranar karɓar haraji ko neman ƙuri'a, yaya zai gaskata ta ranar da ta ce ya ba da ɗansa a kai shi inda mutane ba su cika komowa ba? Sai aka riƙa ɓoye marasa lafiya, ana binne mamata da dare. Hukuma kuwa ta ɗauki sanda. A Agusta 2014 sojoji suka killace unguwar West Point a birnin Monrobiya, aka yi harbi, wani yaro ya rasu, bayan kwana goma aka janye. Aka kuma ba da umurnin ƙone gawa a birnin, abin da Musulmi da Kirista duka suka ƙi. A Satumba mutanen ƙauyen Womey a Gini suka kashe mutum takwas da suka zo wayar musu da kai. Kasuwanni suka mutu, aka rufe iyakoki, Saudiyya kuma ta hana alhazan ƙasashen uku zuwa Hajjin 2014.

Lamarin bai fara sauƙi sosai ba sai da aka koma ga sarakuna da limamai da fastoci. Gawar mai Ebola ta fi komai yaɗa ciwon, saboda haka aka zauna da malamai aka shirya yadda za a yi wa mamaci taimama maimakon wanka, a sa shi a likkafani, a yi masa salla, danginsa na kallo daga nesa. Abin da bindiga ta kāsa, maganar limami ta yi shi.

Nijeriya ma ba ta daɗe da komawa mulkin zaɓe ba, tun da sai a 1999 ne, amma nata labarin ya bambanta. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Ikko da ciwon. Likita Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma ta rasu a kan haka. Aka ɗauko ma'aikatan da suka goge a yaƙi da shan-inna, suka bi sawun mutum kusan 900 gida gida. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce ƙasar ta tsira. Ma'aikatan nan tun kafin annoba aka horar da su, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ƙuri'a tana naɗa shugaba, amma ba ta horar da likita, ba ta biyan albashi kan kari, ba ta tsare baitulmali. Waɗannan aiki ne na shekaru, kuma wajibi ne malamai da attajirai su riƙa tambayar masu neman zaɓe labarinsu tun ana zaman lafiya. Allah ya kiyaye bayinsa daga annoba, amin.