Cinikin Kayan Da a Ƙasar Yawuri

Kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, masana binciken kufai sun yi gaggawar tona wasu tuddai na bakin Kwara, tun ruwa bai shanye su ba. A kusa da Yelwa an tono gutsattsarin tukwane da 'yan gumakan yumɓu waɗanda suka haura shekara 1,000. Darajarsu ga ilmi ita ce an san ramin da kowanne ya fito, da zurfinsa, da abin da aka tarar kusa da shi.

Shi kuwa dillalin kayan da, ribarsa tana cikin ɓoye wannan sani. Yakan sayi gunki ko tsohon takobi a hannun manomi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ba ya faɗin garin, don kada wani ya riga shi komawa. Daga hannunsa sai Kwatano ko Lome, sai Faris, kowane mai shiga tsakani da tasa la'adar.

Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta hana sayar da irin waɗannan kaya ga kowa sai wakilin hukumar gidajen tarihi. Amma gunkin da ya ƙetare iyaka babu sunan garinsa, da wuya a tabbatar na Nijeriya ne, balle na Ngaski.