Kasa Kunne Ga Amya

Ina yaro a Kanya ta ƙasar Zuru na ga wani dattijo ya hau ɗorawa da almuru, ya manna kunnensa a jikin amya, ya sauko yana cewa ƙudan ba su da lafiya. A lokacin na ɗauka camfi ne. Ashe ni ne ban sani ba.

Akwai wata ƙwaruwa mai suna Varroa, ja ce, ƙarama kamar kan allura, mai kama da kaska. Takan maƙale wa ƙudan zuma tana cin kitsen jikinsa, tana kuma yaɗa cutar da ke nakasa fukafukai. Asalinta daga Asiya ne, amma a 2012 masana sun ba da rahoton samunta a kudu maso yammacin Nijeriya.

A Jami'ar Nottingham Trent da ke Ingila, Harriet Hall da Martin Bencsik sun gano cewa wannan ƙwaruwa takan yi wata 'yar zabura mai girgiza saƙar zuma. A 2023 suka nuna cewa na'urar auna girgiza, tare da kwamfuta, na iya gane takunta ba tare da an dami ƙudan ba.

Mai karatu, mu ne muka fi Turawa bukatar wannan. Su akwatinsu buɗewa ake yi a duba a mayar. Amyarmu kuwa ba a leƙa cikinta sai daren ɗiba, da wuta da hayaƙi, lokacin da in ɓarna ce ta riga ta auku. Dattijon nan ya rasu, 'ya'yansa kuma duk sun koma birni.