Likitan Zuciya da Ciwon da ke Kama Masu Jego

A bara wata yarinya a ajina a nan Kaura Namoda ta yi mako uku ba ta zo makaranta ba. Da na je gidansu sai na tarar da uwarta zaune an jingine ta da matashi, ƙafafu sun kumbura, tana haki kamar wadda ta yi gudu, ga jinjiri ko arba'in bai yi ba. Dare ya yi ba ta iya kwanciya sai tari. Tsofaffin gidan suka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wuta a wanka, aka ƙara kanwa a kunu. Ashe zuciyarta ce ta gaza, sai da aka kai ta Gusau aka gane.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne. Tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Eldryd Parry da Dokta Neil Davidson, suka lura da yadda masu jego ke cika musu gadaje. Suka ƙiyasta kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu tana kamuwa, abin da ya fi na kusan ko'ina a duniya. Su dai sun tuhumi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. A 2007 likitocin asibitin koyarwa na Sakkwato suka sami ƙididdiga kusan irin wannan.

To, sai ga ɗan gida, Farfesa Kamilu Musa Karaye, likitan zuciya a Asibitin Malam Aminu Kano. A 2015 shi da abokan aikinsa suka auna jinin masu ciwon, suka ga yawancinsu suna da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci. Daga baya ya jagoranci bincike a asibitocin Nijeriya da dama, aka buga shi a 2020. Binciken bai ga laifin al'adun jego ba. Abin da ya fito fili shi ne rashin ilimin boko, rama, rashin aikin yi, da hawan jini na lokacin ciki. Ni kam ba zan raba gardamar malamai ba, amma macen da ƙafarta ta riga ta kumbura ba ta da abin nema a kunun kanwa.

Ku 'yan makaranta, a cikin likitocin zuciya akwai masu gyara ba tare da tsaga ƙirji ba. Sukan zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har zuciya, suna kallo a majigi, su buɗe hanyar jinin da ta toshe da ɗan balam-balam. Wani Bajamushe, Andreas Gruentzig, shi ya fara haka a Zurich a 1977. Sai dai ciwon masu jego ba toshewa ba ce, naman zuciyar ne ya yi laushi. Saboda haka hoton zuciya ake ɗauka, a ba da ƙwayoyin rage ruwa da na ƙarfafa ta, wata da watanni. Da yawa sukan warke sarai, wasu kuwa zuciyar ba ta komawa daidai, kuma sake ɗaukar ciki ba da shawarar likita ba yana iya halaka su.

Mu da ke Shinkafi da Zurmi, hanyar Gusau ba kullum take biyuwa ba saboda 'yan bindiga, don haka a tashi tun ranar da aka ga kumburi da haki, kada a jira ta kasa tsayuwa. Uwar ɗalibata tana nan da ranta, har yanzu tana shan magani, yarinyar kuwa ta dawo aji.